Wace kwalbar wiski zan saya da kuɗi kaɗan in bayar kyauta?

Tambaya: Maigidana a wurin aiki zai yi ritaya a ƙarshen wata, kuma na san yakan sha wiski a lokacin bukukuwa. Ina so in kai masa kwalba guda, amma ni ba na sha, kuma kuɗin da na ware ba su da yawa. Me ya kamata in duba? (Daga wani mai karatu a Jos)

Amsa: Malam, tunda ka tabbatar yana sha, ka riga ka wuce mataki mafi wuya, domin a Arewa ba Musulmi kaɗai ba ne ke ƙaurace wa barasa, Kiristoci da yawa ma ba sa taɓa ta. Abin da ya rage shi ne ka iya karanta abin da ke jikin kwalbar, kada girman kwali ko ƙyallin zinare ya ruɗe ka.

Mu fara da wiskin Sikotilan. Dokar da aka kafa a Birtaniya a shekarar 2009 ta ce ba za a kira shi Scotch ba sai an sarrafa shi a Sikotilan, ya kwana a cikin gangar itacen oak aƙalla shekara 3, kuma ƙarfinsa bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Idan ka ga an rubuta shekara 12 a jikin kwalba, wannan adadin na mafi ƙarancin shekaru ne a cikin abin da aka haɗa. Wiski ba ya ƙara nuna bayan an zuba shi a kwalba, saboda haka kada wani mai shago ya ƙara maka kuɗi da cewa kwalbar ta daɗe a wurinsa. Duhun launi ma ba shaida ba ne, domin doka ta yarda a sa ɗan launin ƙonannen sukari.

Akwai iri biyu da za ka fi haɗuwa da su. Single malt ana yin sa da sha'ir kaɗai a masana'anta guda, kamar Glenfiddich da Glenlivet na yankin Speyside, kuma yawanci ya fi tsada. Blended kuwa gauraye ne na wiski daga masana'antu da dama, kamar Johnnie Walker da Chivas Regal. Mutane da yawa suna ɗauka cewa na gauraye ƙasƙantacce ne, ni kuwa ban yarda da haka ba. Ga wanda aljihunsa bai cika ba, Johnnie Walker Black Label ko Chivas Regal, dukkansu masu shekara 12, kyauta ce da dattijo zai karɓa da mutunci. Idan sun fi ƙarfinka, Jameson na ƙasar Ailan, wanda ake tacewa sau 3, yana da laushi a maƙogwaro kuma da wuya ka sami mai shan wiski da zai ƙi shi. Na Amurka irin su Jim Beam ana yin su da masara aƙalla kashi 51 cikin ɗari, shi ya sa suka fi zaƙi.

Abin da zan hana ka shi ne wiskin tsibirin Islay na Sikotilan, kamar Laphroaig. Yawanci ana busar da sha'irinsa da hayaƙin wata baƙar ƙasa mai cin wuta, kuma ƙaurin yana da ƙarfi ƙwarai. Masu sonsa suna sonsa matuƙa, amma sai ka san maigidanka yana cikinsu kafin ka kashe kuɗinka a kai.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne batun jabu. Ana tattara kwalaben manyan kamfanoni da aka shanye a sake cika su da abin da ba a san asalinsa ba, kuma sunayen da suka fi shahara su aka fi yi wa haka. A shekarar 2015 mutane sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan barasar gida mai ɗauke da gubar methanol, wadda takan makantar ko ta kashe. Saboda haka ka saya a babban kanti da aka sani, ka karɓi rasit, ka duba lambar rajistar NAFDAC, ka tabbatar murfin bai taɓa buɗuwa ba kuma rubutun jikin takardar bai dusashe ko karkace ba. Idan farashin ya yi ƙasa sosai da na sauran shaguna, ka bar shi. Gara ka kai masa Jameson na gaskiya da ka kai masa Black Label da ba ka san inda ya fito ba.

Kafin ranar bikin, ka ajiye kwalbar a tsaye, nesa da rana da zafi. Idan kuma tafiyar za ta bi da kai ta jihar da dokarta ta hana barasa, kamar Kano, kada ka ɗauke ta a mota. Ka miƙa masa a Jos, a gidansa, ba a gaban taron ofis ba inda akwai abokan aikin da abin zai sosa wa rai.