Baffa, ga dalilin da ya sa jikan Bazazzagi yake haya a Kumasi

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne: gidan haya nake a Kumasi, ciki da falo, a unguwar Sawaba, ni da mai ɗakina da yara. Na kuma ji fassarar da ka yi wa abin, wai mun saje da mutanen ƙasa, mun auri 'ya'yansu, zuciya ta mutu, shi ya sa jikan mutumin da ya fita daga Kwarbai da ƙafarsa ya yi arziki a Gwanja ya haura arba'in bai aza bulo ko ɗaya ba. Ba zan mayar maka da magana a gaban jama'a ana tsakar biki ba, mu ma can ba a yi mana irin wannan tarbiyyar ba. Shi ya sa na zauna nan masaukina a Tudun Wada na rubuta, kafin in kama hanya.

Lokacin da Kaka, wan mahaifinka, ya isa Kumasi a shekarun 1930, ba a tambayar baƙo kuɗin ɗaki. Kasuwar Salaga, a ƙasar Gwanja, ta riga ta watse tun yaƙin basasar 1892, da Turawa suka ci Asante kuma sai fataken goro suka gangara Kumasi kanta. Duk babban ɗan kasuwa a zango mai gida ne: ya sauke ka, ya ciyar da kai, ya yi maka dillanci, ya ɗauki la'adarsa a cinikin. Haka Kaka ya zauna har ya yi aure. Da ya tashi neman fili, manyan zango suka raka shi wurin masu ƙasa, aka miƙa abin gaisuwa, aka nuna masa wuri a Aboabo, lokacin ciyawa ce da rafi. Ƙasar gini a nan wurin aka haƙa, aikin kuma gayya, kwanon rufi kaɗai ya ci kuɗi. Ya zagaye tsakar gida da ɗakuna goma sha biyu, ya kafa zaure a gaba irin na birnin Zariya. A wannan zauren na yi karatun allo.

Sai dai filin bai zama nasa yadda kake nufi da naka ba. Ƙasar Asante ta kujerun sarauta ce, ta Kumasi kuwa a ƙarƙashin Asantehene, sarkin Asante, take, a fadar Manhyia. Haya ce mai dogon wa'adi ake bayarwa. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana a mallaka wa kowa ƙasar sarauta har abada. Ɗan ƙasa galibi shekara 99 ake rubuta masa, wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ba ya wuce 50. Wannan bai dami su Kaka ba, domin a ransu ba zama suka je yi ba. Har ya rasu yana cewa in an sayar da goron bana zai koma gida.

Abin da ya karya mana gwiwa, wanda ban ji ana ambatonsa a nan in ana yi mana gori ba, shi ne 1969. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a zango, waɗanda ba su taɓa ganin Nijeriya ba, aka loda su a manyan motoci. Gidajen da aka yi shekara talatin ana ginawa aka sayar da su a kuɗin da bai kai na kwanonsu ba, wasu ma kulle ƙofa kawai suka yi suka bar makulli wurin maƙwabci. Kaka ya tsira, amma babban ɗansa ya taho da iyalinsa. Kai ka fi ni sanin sauran labarin: da suka iso, gidan Kwarbai ya cika, aka kama musu haya a Tudun Wada, kuma har yau in ana kwatancen gidansu sai a ce gidan 'yan Gana. Can an ce su 'yan Nijeriya ne. A gidan jikokinsu na sauka.

Tun daga nan mahaifina ya ƙi zuba kuɗinsa a abin da ba ya ɗaukuwa. Ya gwammace ya tara a kaya da shanu. Shekarun da fili yake arha a bayan gari, da ya sayi uku ko huɗu bai ji a jikinsa ba, sai ya aiko da kuɗin nan Zariya a saya masa, saboda ranar kora ta biyu. Ba zan tayar da maganar wancan filin ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Kora ta biyun kuwa ta zo, amma daga wannan ɓangaren, a 1983 zamanin Shagari, aka tattara mutanen Gana wajen miliyan guda aka mayar da su. Wasu 'yan zango da suka zo cin arzikin man fetur suna cikinsu, da Hausa a bakinsu.

Kuma a gaskiya su Baba ba su ga abin da zai matsa musu su yi gini ba. Zamanin Rawlings, a shekarun 1980, gwamnati ta ƙayyade kuɗin hayar ɗaki, ya zama bai taka kara ya karya ba. Mai haya ya ji daɗi. Mai gida kuwa ya daina gyara, ya daina ƙara ɗakuna, tunda abin da yake karɓa ba ya sayen buhun siminti. Garin yana ta cika, ɗakuna ba sa ƙaruwa, sai masu gidaje suka koma neman kuɗin gaba. Yau dokar haya ta 1963 tana nan, ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma ka je neman ɗaki ka ambaci dokar ka gani. Na shekara biyu za a ce ka ajiye, cif, ga na dillali. In ka tsaya ciniki, akwai mutum biyar a bayanka.

To ka lissafa, Baffa. Ina sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ba na raina sana'ata, alhamdu lillahi. Duk abin da na tara a adashi cikin shekara biyu, ranar da wa'adin haya ya cika sai in ɗauka in miƙa wa mai gida gaba ɗaya, in koma farko. Abin da ya yi saura kuma kuɗin da kansa yake narkewa. A 2007, da aka cire sifiri huɗu daga sidi, kuɗin Gana, sidi ɗaya ya ɗan fi dala ɗaya. A 2024 sai da dala ta haura sidi 15. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin 100. Sidi ya ɗan farfaɗo daga baya, amma ban taɓa jin mai gidan da ya rage haya ba. Sababbin gidajen da kamfanoni ke ginawa a Akara da dala ake faɗin kuɗinsu, ba don mu aka yi su ba. Bashin banki kuwa, ko mutum ya runtse ido a kan riba, ruwan da ke kai ya isa ya kashe shi. Ku kuna da Jaiz tun 2012, mu mun daɗe muna jin labarin irinsa daga nesa. Abin gaisuwar da Kaka ya bayar ma sunan ne kawai bai canja ba, yanzu farashin fili ne sosai, kuma bayan ka biya sai ka yi addu'a kada a ce an riga an ba wani.

Za ka ce ina gidan Aboabo. Yana nan. Mata uku, 'ya'ya goma sha tara, jikoki kuwa sai an zauna da takarda. Kowane ɗaki yanzu na wani tsatso ne. Ba mai iya sayarwa, ba mai yarda ya gyara rufin da ba a kansa yake yoyo ba, in damina ta yi ƙarfi rafin ya shigo har tsakar gida. Rabon mahaifina ɗaki ɗaya ne da rabi, kuma ƙannena mata biyu da aurensu ya mutu suna ciki. Ni na fita na bar musu. In wannan ne mutuwar zuciya, to na amsa.

Maganar aure ita ta fi yi mini zafi, don haka bari in tsaya a kanta. Matata 'yar Asante ce, Musulma 'yar Musulmi. Akwai Asantawa da suka daɗe cikin Musulunci, ana ce musu Asante Nkramo. Kuma ba ni na fara ba. Kakata da ta haifi Baba Bagwanjiya ce, kishiyarta Badagomba. Fataken da suka tafi ba su tafi da mata ba, da wa kake so su yi aure? Duk gidan zango da ka ga ya kafu, in ka tona za ka tarar da 'yar ƙasa a gindinsa. A 1969 ma dangin Kakata ne suka tsaya wa Kaka. Na san abin da kuke tsoro, an gaya muku Asantawa ta wajen uwa suke gado, ɗan 'yar'uwa ya gaji kawunsa, don haka gidan da na gina zai tafi dangin mata. Ai gadon nasu bai hau kan dukiyata ba, ni ba ɗan danginsu ba ne. Su kansu tun dokar gado ta 1985, wadda ake kira PNDC Law 111, in mutum ya mutu bai bar wasiyya ba kuma gida ɗaya gare shi, na matarsa da 'ya'yansa ne. Mu kuwa a zango malamai muke kira su raba yadda Allah ya ce. Abin da ban faɗa wa kowa a nan ba shi ne, rabin filin da nake da shi yanzu a Kenyase, kawun matata ne ya shige mini gaba wurin sarkin garin har aka ba ni takarda ba tare da an yi mini wasa ba.

Yarana suna jin Turanci da Asantanci, a gida kuma Hausa. Na ga yadda samarin gidanka suke danne dariya in ƙaramar ta ce “ya zo” tana nufin mace. Haka muke yi, ba na musu. Amma Hausar nan da kuke wa dariya ita Badagomba da Bamoshe da Bazabarme da Bafrafra suke ciniki da ita a zango, har gidan rediyon gwamnati yana labarai da ita. Kokon da duk Gana ke sha da safe da sunan Hausawa ake sayar da shi. Babban limamin ƙasar, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ɗan zango ne, shugabannin ƙasa suna zuwa gaishe shi har gida. Ranar Sallah ka zo ka ga sarakunan zango da rawuna da algaita. Tun 2017 akwai asusun gwamnati na raya zangogi, ko da yake ni kwalbati da fitilar titi na gani, ban ga ɗaki ba. Duk da haka in ɗana ya je yin katin ɗan ƙasa, sunansa kaɗai ya isa a ce ya kawo shaidar inda aka haifi kakansa. Can ana tambayarmu ko mu 'yan Gana ne na gaske, nan kuma ka tambaye ni ko mu Hausawa ne na gaske.

Ku Zazzagawa bai kamata zaman zango ya zame muku baƙon abu ba. Da jirgin ƙasa ya iso, ina aka ajiye baƙi? Mutanen kudu a Sabon Gari, 'yan arewan da ba 'yan birni ba a Tudun Wada, ku kuna cikin ganuwa. Jikokin waɗancan suna nan, an haife su a nan, kuma na ji da kunnena ana ce wa wani ba ɗan gari ba ne.

Sannan na zagaya garin nan da idona. Kai ka gina gidanka da albashin malamin makaranta, a filin da mai unguwa ya yanka maka. Cikin 'ya'yanka maza wa ya maimaita? Babban yana koyarwa a jami'a, yana haya a Samaru, yana gogayya da ɗalibai a kan kuɗin ɗaki. Na biyun an yanka masa shigifa an yi ciki da falo. Zauren gidan Kwarbai da Kaka yake ba mu labarin ɗaurin bakan gizonsa, rabinsa ya zama shagon cajin waya. Gonakin Dakace da na hanyar Hanwa duk an yayyanka su fuloti, kuma tun dokar filaye ta 1978 ku ma ƙasar a hannun gwamna take, takardar izinin zama kuke riƙewa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na ji magina suna cewa kuɗin siminti da rodi da safe daban, da yamma daban. Ba gori nake mayarwa ba, Baffa. Su ba su auri 'yar Asante ba, ga su a inda nake.

A zango yanzu wanda ka ga ya yi gini da wuri, bincika, akwai ɗa a Italiya ko Jamus ko Amurka, ko 'ya tana aikatau a Saudiyya. Wasu sun bi ta Agadas da Libiya ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Babban ɗana ya fara yi mini wannan maganar, na ce ba da yawuna ba.

Ka ce in da hankali in sayar da na Kenyase in zo in saya a nan kusa da dangi. Na gode, amma a can zan gina. Kabarin Kaka da na Baba suna Kumasi, kasuwata tana can, yaran ba su san wani gari ba. Na zuba harsashi, na kai bulo har lintal a ɗaki biyu, nakan sayi siminti buhu biyar ko goma in ciniki ya yi kyau. Wurin da nisa, mota biyu ake shiga kafin a kai Suame, masallacin unguwar ma na katako ne tukuna. Hayata za ta ƙare bayan Babbar Sallah, kuma na riga na gaya wa mai ɗakina ko ba taga ko ba silin za mu tare, a toshe da kwano, domin ba zan sake ba wani kuɗin shekara biyu ba.