Python Biyu a Kwamfuta Ɗaya: Sai Na Sayi Wata?

Wani ɗalibi a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, mazaunin Yelwa a Bauchi, ya rubuto: "Malam, aikin kammala karatuna ya cije. Wani da ya riga ni gamawa ya bar mini manhajar da ya rubuta da yaren kwamfuta na Python. Na sa Python 3.13 na kunna ta, sai ta ce ba ta ga distutils ba. Ga shi darasin da nake bi a intanet sabuwar yake so. Abokina ya ce in je kasuwar Wunti in sayi wata kwamfuta ta hannu in ware ta don aikin makaranta. Ya kake gani?"

Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu. Lafiyar kwamfutarka ƙalau, manhajar ma haka. Shi distutils ɗin nan, wani kayan aiki da ke zuwa a cikin Python a da, an cire shi ne daga Python tun 3.12, wadda ta fito a Oktoban 2023, saboda haka abin da aka rubuta kafin nan, in ya jingina da shi, dole ya yi tuntuɓe. Wasu za su ce ka sa setuptools, wani kayan aiki da ke maye gurbinsa, kuma sau da yawa yakan toshe ɓarakar. Amma faci ne. Ka gyara nan, gobe wani wurin ya yage, ga ranar kare aiki tana matsowa.

Abin yi shi ne ka sauke 3.11 ka ajiye ta kusa da 3.13 ɗinka. Ka nemi 3.11.9 a shafin python.org, ita ce ta ƙarshe a jerin da ke da fayil ɗin girkawa na Windows, kuma ba ta wuce megabait 25 da ɗan ɗoriya ba. Datar da kake ƙonawa a TikTok kafin shayin safe ya huce ta fi haka. Sigogin biyu za su zauna kamar kishiyoyin da suka san zaman duniya: gida ɗaya, kowace da murhunta. Rigima tana tashi ne kawai in ka kira "python" kai tsaye ba ka faɗi wadda kake nufi ba. To Windows na da ɗan aike mai suna py. Rubuta py -0 a tagar rubuta umarni zai jero maka duk waɗanda ke gidan, py -3.11 kuma ya kira maka ita kaɗai.

Saura wurin da ɗalibai suka fi faɗawa rami. Kada ka zuba kayan aikin makaranta da na darasinka a tukunya ɗaya. Ka ware wa aikin ɗakinsa daban: shiga folda ɗin aikin ka rubuta py -3.11 -m venv daki, sannan daki\Scripts\activate. Za ka ga sunan ɗakin ya bayyana a farkon layi, daga nan duk abin da ka sauke cikin ɗakin zai tsaya. Na taɓa zama kusa da wani yaro a shagon buga takardu, ya sauke numpy, wani kayan lissafi na Python, har sau uku, gumi na zuba, manhaja na cewa babu shi. Ashe pip ɗinsa, wato mai sauke wa Python kaya, wata sigar yake kai wa kayan. Ka saba da rubuta python -m pip install, ka huta da wannan. In ka gama kuma, ka yi pip freeze > requirements.txt don a samu jerin kayan da ka sauke, ka rubuta lambar sigar a takardar bayani, don kada na bayanka ya gaji ciwon kan da aka bar maka.

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada, Gombe, ta ce: "Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux, nake amfani da ita maimakon Windows, ta zo da Python 3.10. Ina son 3.12. An ce in goge tsohuwar, wani kuma ya ce Anaconda ce mafita. Data kuma ba ta isa ta."

Malama, don Allah kada ki taɓa tsohuwar. Ba taki ba ce, ta Ubuntu ce. Kayan cikin tsarin da dama a kanta suke tsaye, in kika cire ta za ta tafi da su, wani lokacin ki wayi gari ko tagar rubuta umarni ta ƙi buɗewa.

Anaconda kuwa, wato Python da aka haɗa da tarin kayan aiki, fayil ɗinta ya doshi gigabait guda, cike da kayan da rabinsu ba za ki buɗe ba har ki gama karatu. Ƙanwarta Miniconda ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Akwai pyenv, mai girka sigogin Python daban-daban, tsohon hannu ne kuma amintacce, sai dai shi gina Python yake yi daga tushe a kan kwamfutarki: fanka ta dinga kuka, batir na zurarewa, in caji ya ƙare a tsakiya ki koma farko. Ki bari sai an kawo wuta. Ni dai yanzu wani kayan aiki mai suna uv nake ba mutane shawara, domin gamammiyar Python yake saukewa. Rubuta uv python install 3.12, kafin ki sa ruwa a buta an gama.

Tambaya ta ƙarshe daga wani a Azare: "Windows 7 ce a tsohuwar kwamfutata, sabuwar Python ta ƙi hawa."

Ba za ta hau ba, ɗan'uwa. Windows 7 a 3.8 ta tsaya, ita kuma 3.8 an daina kula da ita tun Oktoban 2024, domin shekara biyar ake ba kowace siga. Microsoft ma ta sallami Windows 7 tun Janairun 2020. Kai ne wanda ya kamata ya taɓa aljihu, amma kaɗan: sayi SSD, ma'adanar fayiloli mai sauri, in injin zai ɗauka ka kai RAM ɗinka gigabait 8, ka sa Linux. Kafin ka biya mai gyara, ka sa ya buɗe bayan kwamfutar a gabanka ku duba ko akwai gurbin ƙarin RAM ɗin.