Wace Babbar Wuƙa Zan Saro wa Masu Shiga Daji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan ƙarfe, ina sayar da kwaɗo, ƙusa, shebur da makamantansu. Kwanan nan mafarauta, makiyaya da samarin da ke fita kwanan daji suna yawan tambayata babbar wuƙa mai sauƙin kuɗi, wadda za ta sare reshe, ta faskara itacen girki, ta kuma yanka nama. Na ware naira 300,000. Wani dillali ya nuna mini wasu masu ƙyalli, da zane a jiki da haƙora a baya, ga araha. Shin in zuba kuɗin a kansu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ita ce ka dakata da dillalin nan tukuna, domin irin wuƙaƙen da ya nuna maka an fi ƙera su saboda ido, kuma mutumin da ya yada zango a daji ba ruwansa da zane idan mariƙi ya cire a hannunsa ana tsaka da sara. Shi kuwa mai shago, kayan da aka dawo masa da su sun fi kayan da suka yi kwantai ciwo, saboda ga asarar kuɗi ga zubewar mutunci. A ce ka sari guda a kan naira 4,000 ka sayar 5,500. Wuƙa ɗaya tak da ta karye ka maye wa mai ita da wata, ta cinye maka ribar kusan guda uku.

Abu na farko da za ka duba shi ne yadda ƙarfen ya shiga mariƙi. Wuƙar kirki ƙarfe ɗaya ce tun daga tsini har ƙarshen mariƙi, an ɗora mata itace ko roba ta gefe biyu an ɗaure da ƙusoshi, har kana iya ganin ƙarfen ya ratsa tsakani. Masu ƙyallin nan sau da yawa wani siririn ƙarfe ne kamar ƙusa aka yi wa walda aka cusa cikin mariƙi mai rami, kuma daidai wurin waldar suke ɓallewa. Idan dillali ya hana ka kwance guda ɗaya ka gani, to ya riga ya ba ka amsa.

Sai kuma ƙarfen kansa. Baƙin ƙarfe, wanda kamfanoni ke yi wa lamba kamar 1070 ko 1095, yana ɗaukar kaifi da wuri, yana jure sara, kuma mutum zai iya wasa shi da magagari ko dutse a bakin rafi. Aibinsa tsatsa ce, wadda ɗan shafa mai ke maganinta. Farin ƙarfen da ba ya tsatsa yana ɗauke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100, kuma akwai mai kyau a cikinsa, sai dai a kan farashin da abokan cinikinka za su iya biya, galibi mai laushi ake samu, wanda ke dakushewa tun kafin a gama feɗe akuya. Don haka a babbar wuƙa mai araha na fi amincewa da baƙin ƙarfe, in ban da masunta da ke wuni cikin ruwa.

Ka sayi samfuri guda uku ko huɗu daga wurare daban-daban, ka kai su bayan shago ka gwada da hannunka. Ka sami busasshen itacen ƙirya ka sara sau ashirin, sannan ka ɗaga bakin wuƙar a rana: idan ya lanƙwashe, ƙarfen ya yi laushi, idan ya yi giɓi, an cika masa tauri wajen tsoma shi a ruwa ko mai bayan wuta. Ka goga magagari a bakin, ya kamata ya ɗan ci kaɗan. Wanda magagari ke ci kamar sabulu, ka ajiye shi gefe. Mariƙi kuma ka jiƙa hannunka ka riƙe, domin gumi da jini za su hau shi a wurin aiki.

Game da girma, wuƙar da tsawon bakinta ya kai inci 10 zuwa 14 ta ishi yawancin aikin zango. Amma gaskiyar da ya kamata ka riƙa faɗa wa mai saye ita ce wuƙa ɗaya ba ta gamsar da sara da fiɗa gaba ɗaya. Gajeriyar adda da ƙaramar wuƙa mai kaifi sun fi babbar wuƙa guda aiki, kuma kai ma ka sayar da kaya biyu ke nan. A wajen adda, sunayen da suka daɗe da karɓuwa su ne Tramontina ta ƙasar Barazil, kamfanin da aka kafa a 1911, da mai tambarin kada ta kamfanin Martindale na Ingila, wadda manoman Afirka ta Yamma suka sani tun kaka da kakanni. A ƙananan wuƙaƙe akwai Morakniv ta Suwidin, mai bakin da bai wuce santimita 10 da ɗan ɗoriya ba, kodayake canjin dala na iya ɗaga ta sama da aljihun mutanenka. Duk sunan da ya yi fice yana da jabu, saboda haka ka sara a hannun wanda zai ba ka rasit ya kuma yarda ya karɓi abin da ya fito da matsala.

Kada kuma ka raina maƙeran gida. Maƙerin da ya iya aikinsa yana ƙera wuƙa da sifirin tsohuwar mota, ƙarfen da aka yi domin ya lanƙwashe ya dawo, kuma za ka iya faɗa masa tsawo da kaurin da kake so. Matsalarsu ita ce aikin yau kan bambanta da na gobe, don haka ku yi magana tun farko cewa kowace guda sai ta ci gwajin ƙirya kafin ka biya. Ka haɗa shi da baduku ya ɗinka mata kube na fata mai kauri, domin babbar wuƙa marar kube haɗari ce a jaka, kuma kuben kansa yana ƙara mata daraja.

Da ni ne, zan kashe kamar naira 30,000 a samfuri, in sa rabin abin da ya rage a adda mai suna, in ba maƙeri aikin guda ashirin, in riƙe saura a hannu har in ga abin da kasuwa ta fi ɗauka. Adda tana tafiya lokacin sharar gona kafin saukar damina, ƙananan wuƙaƙe kuma gab da babbar Sallah, mafarauta kuwa da rani suke fita. Ka ajiye magagari da dutsen wasa kusa da su. Sannan, saboda halin tsaro, kada ka baza su a bakin titi: ka sa su cikin shago, ka naɗe wa mai saye tasa da kyau, yaron da bai iya faɗa maka aikin da zai yi da ita ba kuma ka ba shi haƙuri.