Zuwa ga ƙanena mai jita da ke son tahowa Ikko

Salamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso daga Damagaram, na kuma saurari kiɗan minti shida da ka turo. Ka ce kana so ka taho Legas ka koyi jitar lantarki sosai, irin wadda mutum ke kaɗawa shi kaɗai ba tare da ya tsara komai tun farko ba, yana ɗora sauti kan sauti da na'urar maimaitawa, wadda masu abin ke ce wa lufa. Ka tambaye ni ko hakan zai ciyar da kai.

Ba zai ciyar da kai ba, aƙalla a shekarun farko. Ban ce kada ka zo ba, amma ka zo da sana'a a hannunka. Na ji kana gyaran waya, to ka riƙe ta da kyau, domin a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta da ke Ikeja, mai wannan hannun ba ya kwana da yunwa. Kuɗin jita a garin nan yana wurin rakiya: biki, ƙungiyoyin kiɗan juju da hailaif, situdiyo, sai coci-coci, waɗanda su ne suka fi biyan makaɗa duk mako. Wannan na ƙarshen kai da zuciyarka. Mai zama shi kaɗai yana jan sauti guda na minti ashirin kuwa, masu sauraronsa 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu makaɗa ne irinsa, aljihu wayam.

Hannunka yana da daɗi, ƙafarka ce ba ta nuna ba. Lufa da ƙafa ake taka ta: taku na farko na'urar ta fara ɗauka, taku na biyu ta rufe zagayen ta shiga maimaitawa, na uku ka fara ɗora wani a kai. Kai kana yin taku na biyu a makare da ɗan ƙiris, shi ya sa duk zagaye sai kiɗan ya yi tuntuɓe a wuri guda. Ɗan amshi na gaske in ka kauce zai rufa maka asiri ya bi ka, amma lufa kuskurenka za ta yi ta dawo maka da shi har sai ka goge. Ka yi wata guda kana rufe zagaye ɗaya tak, kana takawa daidai kan bugun farko, kafin ka ƙara komai. Sannan ka rage lodi. Na ƙirga sauti bakwai a naka, daga na huɗu abin ya koma kunu. Tuna yadda mai gurmi ke riƙe zubi guda yana juya shi, ko yadda marigayi Ɗan Maraya Jos ya cika fili da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Kunnen da ka taso da shi ya riga ya san maimaitawa tun kafin makaɗan Ingila Robert Fripp da Brian Eno su haɗa rikoda biyu ta Revox don maimaita sauti su fitar da faifansu a 1973.

Batun kaya, kada ka sayo lufa mai tarin maɓallai. Ditto ta TC Electronic maɓalli ɗaya gare ta, tana ɗaukar minti 5, sai dai dole da adafta. Boss RC-1 tana ɗaukar minti 12 kuma tana cin batir mai bolt 9, kuma a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni na taɓa sayen adafta mai araha a hannun wani mai shago, ashe jijiyoyinta a juye suke, ta ƙona mini feda, wato na'urar da ake takawa, nan take. Waɗannan na'urori tsakiyar filoginsu nagatif ne, ka duba zanen da ke jiki kafin ka soka. Janareto kuma yana sa jita gurnani, duk abin da ka ɗora da gurnaninsa yake hawa, har ya rinjayi kiɗan. A kasuwar Alaba International da ke Ojo za ka samu sabo da na hannu, amma ka gwada a gabansu kafin ka ba da kuɗi.

Idan karatu kake so na gaske, akwai makarantar kiɗa ta MUSON a Onikan. Can za a koya maka karanta kiɗa a takarda da ƙa'idojinsa, abin da kake nema kuwa a ɗaki za ka koya wa kanka. Don kallon gwanaye, ka riƙa leƙa Freedom Park da New Afrika Shrine, musamman lokacin Felabration, bikin tunawa da mawaƙi Fela Kuti, a Oktoba.

Masauki shi ne ciwon kai. Haya ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin ejan a kai, ga maƙwabta da ba za su lamunci lasifika da tsakar dare ba, don haka ka taho da abin sawa a kunne. Mutanenmu suna Agege da Idi-Araba da Mile 12, ba za ka rasa tabarma ba a makonnin farko. Kuma tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO (ECOWAS) a Janairun 2025, kada ka taka iyaka sai da cikakkun takardu.

Ka sake turo mini wani bayan wata guda, sauti uku kacal, in ji ko ƙafar ta daidaita. Ka gaida Inna da mutanen gida.