Ƙafafuna suna rawa idan na hau turken sadarwa

Tambaya: Na samu aikin gyaran na'urori a kan dogayen turakun sadarwa. Da zarar na wuce kamar mita 20 sai ƙafafuna su kama rawa, jiri ya ɗebe ni, hannuna ya ƙi sakin ƙarfe. Ana rabuwa da wannan kuwa, ko in nemi wata sana'a?

Amsa: Kada ka yi saurin ajiye aikin, malam. Wannan ba ragwanta ba ce, yana da dalilinsa a jiki.

Abu uku ne ke tsayar da mutum daidai: ido, cikin kunne, da jijiyoyin ƙafa da gaɓoɓi. Ko a ƙasa jikinka yana ɗan rangaji ba ka sani ba, ido ne ke gyara shi da taimakon abubuwan da ke kusa. A can sama, idan ka leƙa ƙasa, komai ya yi nisa, ido ya rasa abin da zai auna da shi, saƙonsa ya saɓa da na kunne, sai rangajin ya ƙaru. Likitan jijiyoyi Thomas Brandt na Jamus ya yi bayanin haka tun wajen 1980. Don haka idan jirin ya taso, kafa idonka a kan ƙarfen da ke gabanka, ka jingina jiki, ka riƙa fitar da numfashi a hankali har ya lafa. Kada ka kalli gajimare mai tafiya, zai sa ka ji kamar turken ne ke faɗuwa.

Ƙanƙame ƙarfen nan shi ya fi damuna, domin yana cinye ƙarfin hannu da wuri. Da ƙafa ake hawa, hannu riƙo ne nasa. Kuma ba za ka iya sassauta shi ba sai ka yarda da ɗamararka, wato abin ɗaure jiki mai igiya da ƙugiya da ke hana ka faɗowa. Wannan yardar a ƙasa-ƙasa ake samunta: a mita biyu ko uku, maƙala ƙugiya, ka saki nauyinka gaba ɗaya, mai koyar da kai yana tsaye. Maimaita kullum, kana ƙara tsayi kaɗan-kaɗan. Igiyarka ta kasance mai ƙugiya biyu, ba ka cire ɗaya sai ɗayar ta kama. Ko wa ya ce ka hau ba ɗamara, ka ƙi.

Kada ka sha wata ƙwaya don ta cire maka tsoro, hankalinka za ta dusashe. Idan kuma jirin yana zuwa maka ko kana ƙasa, ko lokacin da ka juya a kan gado, dakatar da hawa har likita ya duba kunnenka.