Tambaya da Amsa: Waƙar Yugoslabiya a gasar Eurovision

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ci karo da wani tsohon bidiyo na gasar waƙa ta ƙasashen Turai, wato Eurovision, a YouTube, wata yarinya na waƙa an rubuta Yugoslavia wai su suka zo na ɗaya, sai abokina ya ce ai babu wata ƙasa mai wannan suna. Don Allah da wane yare take waƙar, ina kuma ƙasar ta shiga? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, abokinka ya yi gaskiya, yanzu kam babu ita amma da akwai. Tunda ka ce su suka zo na ɗaya to "Rock Me" ka gani ta ƙungiyar Riva, don sau ɗaya tak Yugoslabiya ta taɓa cin gasar nan tun da ta fara shiga a 1961. A birnin Lausanne na Suwizalan aka yi a 1989, suka tashi da maki 137, Birtaniya na biye da 130. Yarinyar sunanta Emilija Kokić, ita da 'yan ƙungiyar 'yan garin Zadar ne da ke bakin teku a Kuroshiya ta yanzu.

Kar sunan waƙar ya ruɗe ka, 'yan kalmomin amshin ne kawai Turanci, sauran duk da yarensu ne don a lokacin dokar gasar ta ce kowa ya yi da harshen ƙasarsa. Yaren shi ake kira Serbo-Croatian da Turanci, wato na mutanen Sabiya da Kuroshiya da Bosniya da Montenegro, waɗanda a da duk cikin Yugoslabiya suke, yau kowa ya laƙaba masa sunan ƙasarsa amma in sun haɗu hira suke ba tafinta, kusan kamar Bakano da Basakkwace, sai dai Sabiyawa na da haruffan Sirilik bayan irin namu na boko.

Abin da ke taɓa min zuciya wallahi shi ne abin da ya biyo baya. A 1990 aka kawo gasar Zagreb, babban birnin Kuroshiya, ana ta murna, a 1991 yaƙi ya ɓarke, ƙasar ta fara wargajewa zuwa ƙasashe daban-daban, garin Zadar ɗin nan da yaran suka fito sai da aka yi masa ruwan bama-bamai, makwabtan da suka yi tafi tare suka koma harbin juna. 1992 ce shekarar ƙarshe da aka ji sunan Yugoslabiya a gasar, daga 1993 Kuroshiya ta fara shiga da tutarta. In ka koma kan bidiyon ka duba tutar da ake nunawa, mai jan tauraro a tsakiya, ita ce ta ƙasar da abokinka ya ce babu.