Batura huɗu sun mutu, rasit ko ɗaya babu

Wani mai jirgi daga Yauri ya rubuto: "Ina ɗauko kifi daga ƙauyukan bakin tafkin Kainji. Bara na ba ɗan yayana N600,000 ya sa wa jirgin sola da batura, saboda fitila da famfon kwashe ruwa. Cikin wata 8 batura huɗu sun mutu. Yanzu ya ce in ci bashi mu sayi na litiyam da firiza, mu riƙa jigilar ɗanyen kifi har da dare, riba ta ninka. Me ka gani?"

Alhaji, ajiye zancen firiza tukuna, miƙo mini rasit ɗin baturan nan. Na san babu. Da akwai, da ka gaya mini kamfaninsu da girmansu, amma "huɗu" kawai ka sani. Ka miƙa kuɗi, ba ka bi sawu ba, saboda yaron ɗanka ne kuma kana jin nauyin yayanka.

Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu, inji ya tashi, ya cika shi nan take. Wanda ake haɗa wa sola daban ne, ya fi nauyi, ya fi tsada, yana jure a zuƙe shi a hankali. In na mota aka ɗora wa famfo da fitila yana tsotsewa kullum, wata 8 ma ya yi ƙoƙari. A ratar kuɗin nan biyu ake cin mutane. Ban ce yaron ya ci ba, ƙila shi ma mai shago ne ya yi masa wayo. To, da wace takarda za ka riƙe mai shagon?

Na taɓa ɗaga murfin akwatin batir a jirgin wani abokin ciniki. Biyu 'yan Kwatano ne da aka liƙa wa sabuwar takarda, aka haɗa su da sabo ɗaya, tsofaffin suna janye shi. Kawunansu sun yi farin gishiri, waya an murɗa da hannu babu fiyus, ga jarkar fetur jingine da su. Batir kuwa in yana caji iska yake fitarwa mai kama wuta. Ƙaninsa ne ya yi aikin, shi ya sa shekara guda bai leƙa ba.

Batir mai bolt 12, amfa 200, a takarda yana ɗauke da wat 2,400 na awa ɗaya. Rabi za ka taɓa in kana so ya daɗe, kuma ƙaramar firiza a zafin Yauri tana iya shanye rabin nan a yini. Litiyam ya fi juriya, gaskiya ne, amma hannun da ya sayo na bara shi zai sayo shi, da kuɗin bashi.

Tafiyar dare kuma ka cire ta daga ranka. NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana, kuma babu fitilar da ke nuna kututturen da ke ƙarƙashin ruwan Kainji.

Ka je shago da ƙafarka, ka sayi sababbi iri ɗaya, girma ɗaya, a rubuta maka rasit da garanti, ka sa fenti ka rubuta kwanan wata a jikin kowanne. Ɗanyen kifin kuma gwada shi da ƙanƙarar saye wata 3, kana rubuta abin da ya shiga da wanda ya ruɓe. Kawo mini littafin, sannan mu yi maganar firiza.